6510, 8500 ko 65C02: wanne zai karɓi umarnan da ba sa cikin littafi?

Bara na yi odar wani furosesa daga waje don gyara tsohuwar Apple IIe, irin ta farko ta 1983. Kayan ya iso bayan mako biyar, an rubuta 6502 ɓaro-ɓaro a bayansa. Na zare mataccen, na danna sabon a soket, na kunna. Kwamfuta ta yi ƙararta ta gaisuwa, BASIC ya fito, na ɗan buga lissafi ya ba ni daidai. Har na fara tattara sukudireba. Sai na saka faifan wani tsohon gem, ya fara lodi, ya kai rabi ya tsaya cak. Na canza faifai, na goge kan diraif, na zargi wutar janareto, na zargi memori. Kwana uku ina wannan kafin na gane cewa abin da aka sayar mini ba 6502 ba ne: 65C02 ne aka kankare bayansa aka sake buga masa suna.

To me ya sa BASIC ya yi aiki, gem ya ƙi? Amsar ita ce zancen da ya kamata duk mai gyaran waɗannan tsofaffin kwamfutoci, ko mai rubuta musu sabuwar manhaja, ya sani kafin ya kashe kuɗinsa. Mutane suna yawan tambaya ko 8500 zai iya abin da 6510 ke yi, ko 8502 ya bambanta da 6502, waɗanda duk furosesoci ne ’yan gida ɗaya. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar katangar tana tsakanin tsohon ƙirar NMOS da dangoginsa a gefe guda, da kuma ƙirar CMOS a ɗaya gefen, wato hanyoyi biyu na ƙera tiransistocin cikin aisi. Lambar da ke bayan aisi ba ta cika gaya maka gefen da yake ba, sai ka san tarihinsa.

Daga ina waɗannan umarnai suka fito?

Kamfanin MOS Technology ya fito da 6502 a 1975 a kan dala 25, a lokacin da abokan gasarsa ke tsada ninki-ba-ninki. Araha kuwa ba ta zuwa a banza: su Chuck Peddle, injiniyoyin da suka zana shi, sun rage duk abin da za a iya ragewa a cikin aisin. Lambar kowane umarni bayit ɗaya ce, wato akwai lambobi 256 da za a iya ba furosesan. Littafin kamfani ya yi bayanin 151 kawai. Saura 105 ba a ce komai a kansu ba, kuma ba a kashe ko tiransisto ɗaya wajen toshe su ba.

Yadda furosesan ke gane umarni shi ne ya duba wasu daga cikin bit takwas ɗin, ba dukkansu ba. Ɗauki misali. Lamba $A5 (alamar $ na nufin an rubuta lambar da ƙidayar sha-shida, hexadecimal) ita ce LDA, tana ɗauko abu daga memori ta zuba a rajistar A, wata ’yar ma’ajiya a cikin furosesan. Lamba $A6 ita ce LDX, tana zubawa a rajistar X. Bambancinsu yana a bit biyu na ƙarshe: ɗaya 01, ɗaya 10. To idan ka ba shi $A7, mai ƙarewa da 11, sai layukan biyu su farka tare, abin ya shiga A da X lokaci guda. Babu injiniyan da ya zauna ya tsara wannan. Masu rubuta manhaja ne suka gano shi da gwaji, suka raɗa masa suna LAX. Haka SAX, DCP, ISC, SLO da sauransu suka samu, duk ’ya’yan haɗarin waya ne. Wasu na kiran su haramtattu, ko da yake babu dokar da suka karya.

Me zai sa mutum ya taɓa su? Lokaci. A Commodore 64 irin ta Turai, layi ɗaya na allo bugun agogo 63 ne kacal, a Atari 2600 kuma 76. LDA da TAX a jere suna cin bugu 5 da bayit 3. LAX yana gama aikin a bugu 3 da bayit 2. DEC da CMP a kan wuri ɗaya bugu 8 ne, DCP kuma 5. Wanda ke zana hoto yana tsere da hasken talabijin, bugu uku a wurinsa dukiya ce. Dalili na biyu ya fi wannan mugunta: masu kare faifai daga kwafi sun riƙa cusa su da gangan don su rikita duk wanda zai buɗe manhajar ya karanta. Wannan ne ya kama ni a Apple ɗina.

Dangin NMOS: uwa ɗaya uba ɗaya

6502 na Apple II da BBC Micro da diraif ɗin 1541, 6507 na Atari 2600, Sally na Atari 800XL, 6510 na Commodore 64, 7501 da 8501 na C16 da Plus/4, 8500 na C64C, 8502 na C128, duk zuciyarsu ɗaya ce. An canza yawan ƙafafu, an ƙara wa wasu ƙofar shige-da-fice a adireshi na 0 da 1, an koma ƙirar HMOS, wato NMOS da aka inganta, a masu lamba 7 da 8 a gaba, amma tsarin da ke fassara umarni bai canza ba. Don haka ɓoyayyun umarnan ma sun bi su gado.

In ka kasa 105 ɗin, abin bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Guda 12 suna kashe furosesa nan take, sai an yi masa risat. Su ne $02, $12, $22 da ’yan’uwansu. Guda 27 ba sa yin komai sai cin lokaci, yawancinsu kuma su tsallake bayit ɗaya ko biyu. Guda 59 suna aiki mai amfani, kuma iri ɗaya suke yi a kowane aisi na wannan dangi, ko ka same shi a Commodore ko a Atari. Bakwai ne kawai masu taurin kai.

Saboda haka wanda 6510 ɗinsa ya ƙone, ya samu 8500, ya saka kawai. Ƙafafunsu ɗaya, wutarsu bolt 5 ce duka, kuma duk demo da gem da ke amfani da LAX ko DCP zai gudu yadda ya saba. Haka in aka juya. Kada dai a ɗauki wannan sauƙin a kai shi kan aisin sauti: 6581 bolt 12 yake sha, 8580 kuma bolt 9, wanda ya musanya su ido rufe zai ji ƙauri. Akwai ɗan bambanci guda tsakanin 6510 da 8500 da ba ya cikin littafi, wato bit biyu na sama a adireshi na 1, waɗanda ba su da ƙafa a waje, suna riƙe abin da aka rubuta musu na ɗan lokaci kafin ya zube, kuma na 8500 ya fi daɗewa. Manhajojin gwaji ne suka fi damuwa da wannan, mai buga gem ba ruwansa.

8502 da 8501 kuwa matsalarsu ta ƙafafu ce, ba ta umarni ba. Ba sa shiga gurbin 6510, shi ma ba ya shiga nasu sai da ƙaramin fanel na canji. 8501 ya yi suna wajen saurin mutuwa, shi ya sa masu C16 da Plus/4 suka fi kowa neman madadi. In za ka sayi irin wannan madadin, tambaya ɗaya ce mai muhimmanci: me ke zaune a kansa? In 6502 ko 6510 na asali ne, ɓoyayyun umarnai suna nan. In FPGA ne, wato aisin da ake rubuta masa tsari don ya kwaikwayi furosesan, ya danganta da ƙwazon wanda ya rubuta shi, sai ka nemi a nuna maka ya ci gwajin Wolfgang Lorenz, wanda ke bin umarnan ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan’uwa guda ne a dangin ya ɗan fita daban, 2A03 da Ricoh ta yi wa Nintendo. Shi ne a cikin Famicom da NES, kuma kwafinsa ne a cikin na’urorin gem masu kaset da suka cika kasuwanninmu a shekarun 1990. An yanke masa lissafin goma-goma, wanda wata tuta mai suna D ke kunnawa. To RRA yana ɗauke da tarawa a cikinsa, ISC yana ɗauke da ɗebewa, ARR ma yana sauraron wannan tutar. In tutar D a kunne take, amsarsu a 6510 daban, a 2A03 daban. In a kashe take, babu bambanci.

Bakwai masu taurin kai

Nan ne ya kamata a zauna a yi bayani, don nan ne ake samun aisi biyu masu lamba ɗaya, daga masana’anta ɗaya, su ba da amsa biyu.

Mafi shahara shi ne $8B, ana ce masa ANE ko XAA. Ƙanensa $AB, wato LAX mai ɗauke da lambarsa a jiki, wasu na ce masa LXA. A cikin waɗannan biyun, rajistar A tana zuba abin da ke cikinta a kan wata wayar ciki a daidai lokacin da ake karanta wayar a mayar mata. Tiransistoci biyu na jan waya ɗaya, kowa na neman rinjaye, kuma wanda zai yi nasara ya danganta da ƙarfin kowannensu. Ƙarfin nan kuwa yana canzawa daga aisi zuwa aisi, yana kuma canzawa da zafi. Sakamakon ya zama kamar an haɗa A da wata lamba ta sirri kafin a yi lissafin. A wani aisin $EE ce, a wani $EF, a wani $FF, a wani ma sifili.

Mai Commodore 64 zai iya ganin tasa lambar da idonsa. Ka zuba waɗannan lambobi tara da POKE daga adireshi 828 zuwa gaba: 169, 0, 162, 255, 139, 255, 133, 251, 96. Ma’anarsu: sa sifili a A, sa 255 a X, kira ANE da 255, ajiye amsa a 251, dawo. Sai ka buga SYS 828, sannan PRINT PEEK(251). Abin da ya fito shi ne lambar sirrin aisinka. Ka gwada da sanyin safiya da zarar ka kunna, ka sake gwadawa bayan ta yi awa uku tana aiki. Ga wanda ke Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, inda ɗaki ke haura digiri 40 kafin ma a kunna komai, wannan ba zancen littafi ba ne. Wani aisin ba zai motsa ba ko kaɗan, wani zai canza maka bit ɗaya ko biyu.

Duk da haka akwai masu amfani da su, kuma ba wauta suke yi ba. In lambar da ka ba umarnin sifili ce, amsa sifili ce ko me aisin ya ga dama, shi ya sa LXA da sifili hanya ce ta share A da X a bugu 2. In kuma A tana ɗauke da $FF tun farko, lambar sirrin ba ta da abin da za ta ƙara. Bayan waɗannan hanyoyi biyu, duk wanda ya dogara da su caca yake yi. An yi cacar kuwa: gem ɗin Wizball na C64 yana son $EE a LXA, har masu rubuta emuleta VICE, manhajar da ke kwaikwayon C64, suka daidaita tasu lambar saboda shi.

Sauran biyar ɗin su ne SHX, SHY, TAS da SHA mai lamba biyu. Waɗannan suna rubutu a memori, amma kafin su rubuta sai su tace abin da babban rabin adireshin da aka ƙara wa ɗaya. Wannan kaɗai da sauƙi, ana iya lissafa shi. Tsiyar ita ce a Commodore, aisin hoto VIC-II yana tsayar da furosesa lokaci-lokaci don ya ɗebi abin da zai nuna a allo, kuma in tsayarwar ta faɗo a tsakiyar umarnin, tacewar ba ta faruwa. In kuma lissafin adireshi ya tsallaka shafi, wato rukunin bayit 256 na memori, abin ma ba ya sauka inda ka nufa. Ka ga kenan halinsu bai tsaya ga aisi kaɗai ba, har da fanel ɗin da aka dasa shi a kai. Gwanaye suna rubutawa a shafin $FE, inda ƙarin ɗaya ke ba da $FF, tacewar ta zama ba ta rage komai. A ganina wahalar ta fi ribar, sai dai ga mai demo da ke neman bugu biyu ruwa a jallo.

Da aka koma CMOS

Bill Mensch, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana 6502, ya kafa kamfanin Western Design Center (WDC) a 1978, can ne aka sake zana furosesan da CMOS. 65C02 ba ya cin wuta, ba ya zafi, an gyara masa tsofaffin kurakurai, kuma an toshe duk ramukan nan 105. Wasu an mayar da su umarnin da ba ya komai, wasu an zuba musu sababbin ayyuka. Apple IIc ta 1984 da shi ta fito, IIe da aka inganta a 1985 ma haka, BBC Master ta 1986 kuma da ɗan’uwansa 65SC12. A duka ɓangarorin biyu an samu tsofaffin gem da suka daina tashi.

Bari mu bi bayit biyu kawai, $A7 da $20, mu ga inda za su kai mu. A kowane NMOS, LAX ne: ɗauko abin da ke adireshi $20 ka zuba a A da X. A 65C02 na Rockwell, da W65C02S na yau, $A7 ya zama SMB2: ba zai ɗauko komai ba, sai ma ya je adireshi $20 ya kunna bit na 2, wato ya ɓata maka bayanin da ka zo karantawa. A 65SC02 da ire-irensa marasa ƙarin Rockwell, $A7 umarni ne mai bayit ɗaya da ba ya komai, don haka furosesa zai ɗauki $20 a matsayin sabon umarni, shi kuwa $20 JSR ne, sai ya yi tsalle zuwa duk inda bayit biyu na gaba suka nuna. A 65816 na Apple IIGS da Super Nintendo, $A7 halastaccen LDA ne mai bin dogon adireshi, X kuma ko kallonta ba zai yi ba. Bayit biyu, hali huɗu.

Ko waɗanda ake ganin ba su da illa ba su tsira ba. $1A a NMOS ba ya komai, a CMOS yana ƙara wa A ɗaya. $80 yana tsallake bayit ɗaya a NMOS, a CMOS tsalle ne na gaske. $04, da masu Atari 2600 ke amfani da shi don ɓata bugu 3, ya zama TSB mai rubutu a memori. $89, wanda ke cikin Puzznic na NES, ya zama BIT mai taɓa tutar Z. SBX, ɗaya daga cikin 59 ɗin nan, a $CB ya zama WAI a aisin WDC, furosesa ya kwanta yana jiran a tashe shi. A juye ma haka ne: manhajar da aka rubuta don 65C02, in ta kira $B2 a kan tsohon 6502, ta taka ɗaya daga cikin goma sha biyun nan masu kisa.

Akwai kuma halayen da ba umarni ba ne amma manhajoji sun jingina da su. NMOS in zai canza abu a memori da INC ko ASL, yakan fara mayar da tsohon abin sannan ya rubuta sabon, rubutu biyu kenan. 65C02 karatu biyu yake yi, rubutu ɗaya. Masu C64 sun daɗe suna buga INC $D019 don sallamar katsewar VIC-II, kuma wancan rubutun na farko ne ke yin aikin. Kuskuren JMP a adireshin da ya ƙare da $FF ma an gyara shi, amma da ƙarin bugu ɗaya, wanda ya isa ya karkatar da hoton da aka auna shi bugu-bugu. Wanda ya taɓa jona SuperCPU, na’urar ƙara gudu ta kamfanin CMD, a C64 ya san labarin: 65816 mai gudun megahaz 20, manhajar GEOS na tashi kamar walƙiya, demo mai LAX kuma ya faɗi warwas.

Masu ZX Spectrum da Amstrad CPC da MSX, waɗanda furosesansu Z80 ne ba 6502 ba, sun fi samun sauƙi. Z80 na CMOS ya riƙe kusan duk ɓoyayyun umarnan na NMOS, har da raba IX da IY gida biyu. Sanannen bambanci shi ne ED 71, wanda ke fitar da 0 a NMOS, 255 a CMOS. Ƙanensa Z180 ne ya rufe ƙofar, yana kama duk umarnin da ba ya cikin littafi.

To wanne za a ɗauka?

In gyara kake yi don ka buga abin da aka rubuta wa na’urar a zamaninta, ka tsaya a dangin da ta zo da shi. C64 ta samu 6510 ko 8500, duk wanda ya fi araha kuma ka yarda da mai sayarwa. Apple II, II Plus da IIe ta farko, da BBC Model B, su samu 6502 na NMOS mai gudun da ya dace; BBC megahaz 2 take gudu, don haka 6502A take so. Kada kyan W65C02S ya ruɗe ka don sabo ne fil kuma har yau ana ƙera shi. Ban da zancen umarnai, ƙafarsa ta 1 ba ta ƙasa ba ce kamar ta tsohon, fita ce, ƙafa ta 36 kuma sai an ɗaga ta sama kafin ya yi magana da fanel. IIc da IIe ingantacciya da Master su kuwa CMOS ɗinsu za a mayar musu, don manhajar da ke cikin ROM ɗinsu da sababbin umarnan aka rubuta ta.

In sabuwar manhaja kake rubutawa, sai ka duba gidan da za ta zauna. C64, C128, Plus/4, Atari 2600 da NES ba a taɓa sayar da su da 65C02 ba, don haka 59 ɗin nan masu tsayayyen hali naka ne, ka yi amfani da su hankali kwance, ka bar bakwai ɗin. Apple II da BBC kuwa gida ne mai mata biyu: wasu masu na’urar NMOS gare su, wasu CMOS. A can ka tsaya kan 151 na littafi, ko ka gwada furosesan a farkon manhaja ka ware wa kowanne hanyarsa. Wanda kuma ke harhaɗa sabuwar kwamfuta a kan fanel don koyo, ba shi da tsohon gem da zai yi wa biyayya, W65C02S ya fi masa ta kowace fuska: yana kai megahaz 14, ana iya tsayar masa da agogo cak a duba kowace waya, kuma ba sai ya yi cacar kasuwar tsofaffin kaya ba.

Gwajin da ya tona asirin nawa aisin bayit shida ne. A Apple II ka buga CALL -151, sannan 300: A9 00 1A 85 06 60, sannan 300G, sannan 6. In ta nuna 00, NMOS ne a ciki. Tawa 01 ta nuna. Na ɗauki aisin na karkata shi a hasken taga, sai ga bayansa ya fi gefensa baƙi da santsi, alamar fenti. Yanzu yana cikin wani gwangwanin alawa tare da sukurori, na manna masa takarda na rubuta sunansa na gaskiya, ko wata rana IIc za ta shigo hannuna.